Littafi Uku Da Ke Hana Bashi Ɓacewa

A Yauri da sauran garuruwan gundumar Kance ta jihar Damagaram, ciniki ba ya tafiya sai da bashi. Mai hatsi ya auna tiya goma sai kaka a biya shi, mai man gyaɗa ta ba mai tuyar ƙosai sai ranar kasuwa, tela ya karɓi rabin kuɗin ɗinki saura sai jajibirin Salla. Hausawa dai sun ce bashi hanji ne. To amma da yawa daga cikinmu a littafi guda muke cusa komai, suna da kaya da kuɗi duk a haɗe, ranar da gardama ta tashi kuwa sai a rasa shafin da za a buɗe.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan wahala, har a shekarar 1970 wani masani ɗan Ingila mai suna Edgar Codd, da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya fito da tsarin rumbun bayanai mai dangantaka. A kan tsarin nasa ne bankuna da yawa ke riƙe asusun jama'a a kwamfuta har yau. Dabarar kuwa guda ce: kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya a mazauninsa, a ba shi lamba, sannan lambar ta riƙa sada shi da sauran. Mai littafi da biro ma za ta iya.

Littafi na farko na abokan ciniki ne. Kowa layi ɗaya: lambarsa, sunansa, garinsu, da lambar salularsa. Idan kina da masu saye biyu masu suna iri ɗaya, ɗaya a Yauri ɗaya a Matamaye, lamba 7 da lamba 23 ba za su taɓa rikita ki ba. In mutum ya sake waya, wuri ɗaya za ki gyara. Lambar da aka ba wani kuma ba a sake ba wani ita, ko da ya bar gari.

Na biyu na kaya ne ko aiki. Duk abin da ya fita, ko aikin da aka karɓa, shi ma layinsa da lambarsa daban: rana, lambar mai saye, irin kaya, yawansa, kuɗinsa, da ranar alkawari. Nan ne tela zai duba kowace safiya ya ga ɗinkin da ya kamata ya fara.

Na uku na biya ne, kuma shi aka fi mantawa. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar kaya sau biyar, kaya ɗaya kuma a biya shi kashi uku. Misali, an ɗauki kayan jika 12, an kawo jika 5, bayan mako biyu an kawo jika 4. Kada a soke 12 a rubuta 7 a kanta. Kowane biya a ba shi layinsa tare da lambar kayan, in an tara a debe, saura jika 3 ta fito fili ba rantsuwa.

Mu da ke bakin iyaka akwai ƙarin abu guda. Mai sayo kaya daga Mai'aduwa ko Daura ta hanyar Ɗan Barto yana juya naira da sefa, don haka kowane layi a nuna da wane kuɗi aka yi ciniki. Waɗanda suka ba da bashi da naira kafin faɗuwarta a 2023 sun san abin da muke nufi.

Matan asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, su ma tsarin zai yi musu amfani: littafin mambobi, na rance, da na biya. Wadda ba ta yi boko ba ta rubuta da ajami, ko ɗanta ɗan makaranta ya riƙe mata biro. In an samu kwamfuta daga baya, littattafan nan uku ake kwashewa a zuba cikin manhaja irin su Access, ba sai an sake tsari ba.

Kada kunyar dangi ko ta maƙwabta ta hana mu rubutawa, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.