BABI NA UKU: INJIN SHARA DA MATSAYIN MATAR GIDA A TALLACE-TALLACEN AMURKA, 1945 ZUWA 1965

3.1 Asalin Injin Shara

Abin da ake nufi da injin shara a wannan babi shi ne na'urar nan mai aiki da wutar lantarki wadda ke zuƙe ƙura da datti daga kafet ko daɓe, ta tara su cikin jaka. A shekarar 1901 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ya yi rajistar injin farko da ya yi suna wajen zuƙe ƙura. Injin nasa ƙato ne ƙwarai, doki ke jan sa, kuma a bakin titi ake girke shi, a zura dogayen mesa ta tagogi zuwa cikin gida. Ke nan ba kayan gida ba ne, hayarsa ake yi, kuma maza ma'aikata ne ke sarrafa shi.

Wanda ya shigar da injin cikin ɗaki shi ne James Murray Spangler, wani mai sharar kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka. Ciwon asma ne ya dame shi saboda ƙurar da yake shaƙa a wurin aiki, sai a 1907 ya haɗa ƙaramar fanka mai lantarki da akwati da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, ya sami abin da mutum ɗaya zai iya turawa. A 1908 ya sayar da haƙƙin ƙirar ga William Henry Hoover, wanda sana'arsa ita ce yin kayan doki na fata. Abin lura a nan shi ne, tun daga ranar farko talla ce ta ɗauki nauyin injin. Hoover ya buga sanarwa a mujallar Saturday Evening Post cewa duk mai so a ba shi injin ya gwada kyauta har kwana goma. Daga baya kamfanin, da abokan hamayyarsa irin su Electrolux na ƙasar Suwidin da Kirby, suka dogara ga 'yan talla masu bi gida-gida. Ɗan talla yakan zuba datti a kan kafet ɗin matar gida da gangan, ko ya bi wurin da ta riga ta share da injin, sannan ya zazzage abin da ke cikin jakar a gabanta. Manufar ita ce ta ga cewa ɗakin da take zaton tsaf yake, ashe ba haka ba ne.

Yaɗuwar injin ta bi yaɗuwar lantarki. A 1920 kimanin kashi 35 cikin ɗari na gidajen Amurka ne ke da wuta, a 1930 suka kai wajen kashi 68, amma a gonaki gida ɗaya ne kawai cikin goma. Sai bayan da gwamnati ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935 ne abin ya canza. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ƙera kayan lantarki na gida daga 1942, masana'antun suka koma yin kayan yaƙi. Saboda haka shekarun da suka biyo bayan 1945 su ne lokacin da injin shara ya zama abin da ake sa ran gani a kowane gidan masu matsakaicin hali.

3.2 Abin da Talla ta Alkawarta da Abin da ya Faru

Idan aka dubi tallace-tallacen farko, wato na kafin 1920 da ɗan bayanta, za a tarar cewa sau da yawa 'yar aiki ce ake nunawa riƙe da injin, uwargida kuwa tana gefe tana dubawa. Amma a daidai wannan lokaci 'yan aikin gida sun fara wuya, domin masana'antu da ofisoshi sun fi biyan kuɗi, kuma dokokin 1921 da 1924 sun taƙaita shigowar baƙi daga Turai. Sai talla ta sauya salo, ta riƙa gabatar da injin a matsayin bawan lantarki wanda ba ya gajiya, ba ya neman albashi, ba ya yin yaji. Zuwa shekarun 1950 'yar aikin ta ɓace daga hoton baki ɗaya. Wadda ta rage ita ce matar gida ita kaɗai, cikin kwalliya, da dogon takalmi da sarƙa a wuya, tana tura injin tana murmushi. Kamfanin Hoover ma yakan fitar da talla lokacin Kirsimeti yana shaida wa maigida cewa babu kyautar da za ta faranta wa matarsa rai kamar injin shara. A cikin irin wannan talla miji shi ne mai saye, mata ita ce mai aiki, kuma ba a taɓa nuna cewa akwai abin tambaya a wannan rabo ba.

Alkawarin da ke ƙarƙashin duk waɗannan shi ne hutu. To, an sami hutun? Vanek (1974) ta kwatanta bincike-binciken da aka yi a kan yadda mata ke kashe lokacinsu tun daga shekarun 1920, ta gano cewa matar da ba ta aikin albashi tana kashe kimanin awa 52 a mako a kan aikin gida a shekarun 1920, a shekarun 1960 kuwa kimanin awa 55. Wato bayan shekara arba'in ana sayar da na'urorin rage wahala, lokacin aikin bai ragu ba, ɗan ƙaruwa ma ya yi.

Cowan (1983), a littafinta More Work for Mother, ita ce ta fi kowa warware wannan ƙulli, kuma injin shara na cikin misalan da suka fi fito da hujjarta fili. Kafin zuwan injin, dardumar ɗaki ba kullum ake tsabtace ta sosai ba. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara, musamman bayan wucewar hunturu, ake naɗe ta a fitar waje, a rataya a igiya, a yi ta bugu da sanda har ƙurar ta fita. Aiki ne mai nauyi, don haka maigida da samarin gida da 'yan aiki ne ke kamawa. Da injin ya zo, babu sauran dalilin ɗaga dardumar. Aikin da ya kasance na mutum uku ko huɗu sau biyu a shekara, sai ya koma na mutum ɗaya sau biyu ko uku a mako. Injin ya rage wahala ba shakka, sai dai wahalar maza da yara ya ɗauke gaba ɗaya, ita kuwa matar gida sabon aiki ya ba ta. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Akwai kuma batun kafet ɗin kansa, wanda sau da yawa masu nazari kan tsallake. A shekarun 1950 masana'antun garin Dalton na jihar Georgia sun gano hanyar saƙa kafet da inji cikin araha, zaren nailan kuma ya ƙara karya farashin. Nan da nan shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango ya zama abin yayi a sababbin unguwannin bayan gari. Irin wannan kafet manne shi ake yi a ƙasa, ba ya naɗuwa, ba ya fita waje, tsintsiya kuma ba ta iya masa. Da babu injin shara da ba wanda zai shimfiɗa shi, da aka shimfiɗa shi kuwa ba yadda za a zauna babu injin. Haka nan kawunan da ake sayarwa tare da injin: akwai na labule, akwai na kujera, akwai na lungu, akwai na saman kabad, wasu kamfanonin har da na fesa fenti. Kowane kai da aka ƙara yana nuna wa matar gida wani wurin da a da ba ta lissafa shi cikin shara ba.

Ma'aunin tsabta ma ya tashi. Tun ƙarshen ƙarni na 19, bayan da likitoci suka tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa cututtuka irin su tarin fuka, aka fara kallon ƙurar ɗaki a matsayin maɓoyar cuta. Masu talla sun riƙe wannan tsoro da kyau. Sukan nuna jariri yana rarrafe a kan kafet, sannan su tambayi uwar ko ta san abin da ke maƙale a cikinsa. Ta haka shara ta tashi daga aikin da ake yi don ɗaki ya yi kyan gani, ta zama awon ƙaunar da uwa ke yi wa 'ya'yanta. Aikin da aka ɗaura shi da ƙauna kuwa ba shi da iyaka, domin babu ranar da za a ce ya isa.

3.3 Masu Talla Sun San Abin da Suke Yi

Ana iya cewa duk wannan ya faru ne ba da niyyar kowa ba. Abin da Friedan (1963) ta kawo a littafinta The Feminine Mystique ya raunana wannan zato. An ba ta damar duba rahotannin cibiyar Ernest Dichter, wani masanin halayyar ɗan Adam da ya yi hijira daga Biyana zuwa Amurka a 1938, wanda manyan kamfanoni ke biya don ya gano musu abin da ke sa mutane saye. A cikin rahotannin akwai wani na 1945 a kan ra'ayin matan aure 4,500 game da kayan lantarki, inda aka kasa su gida uku. Kashi na farko ita ce matar da aikin gida shi ne dukkan rayuwarta. Abin mamaki, ba ita ce kasuwar da ake nema ba, domin tana ɗari-ɗari da duk na'urar da za ta nuna cewa ana iya yi ba da ita ba. Ta biyu ita ce mai aikin albashi ko mai sha'awarsa, wadda aka ga ta cika bincike da kushe. Ta uku, wadda rahoton ya fi so, ita ce mai zaman gida amma tana da wasu harkoki a waje, tana son na'ura ta taimaka mata ba tare da ta ƙwace mata matsayi ba.

Shawarar da ta biyo baya ita ce kada talla ta ce injin zai yi aikin duka. A maimakon haka a sa matar ta ji kamar ƙwararriya ce, mai zaɓen kayan aiki daban ga kowane lungu, kamar yadda injiniya ke yi a masana'anta. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa tallar shekarun 1950 ke faɗin abubuwa biyu masu karo da juna a shafi ɗaya: aikin ya zama wasa, amma kuma yana da muhimmancin da sai ke za ki iya shi. Har siffar injin an gyara don wannan. Henry Dreyfuss ya sake wa Hoover fasali a 1936, Lurelle Guild ya yi wa Electrolux a 1937, suka lulluɓe injin da murfi mai santsi irin na mota ko jirgi. A tsakiyar shekarun 1950 Hoover ya fito da Constellation, mai siffar ƙwallo, wanda daga baya aka sa shi yana shawagi a kan iskar da yake fitarwa maimakon taya.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki hoton talla a matsayin hoton rayuwa. Zuwa 1960 kusan kashi 30 cikin ɗari na matan aure a Amurka suna aikin albashi, kuma a lissafin Vanek irin waɗannan mata kimanin awa 26 kawai suke ba aikin gida a mako. Ga su, injin ya yi amfani na gaske. Wannan ne ma ya sa wasu masana tattalin arziki, irin su Greenwood da abokan aikinsa (2005), suke ganin kayan lantarki na cikin abubuwan da suka buɗe wa mata hanyar fita aiki. Meyerowitz (1993) kuma ta nuna cewa mujallun lokacin sun riƙa yaba wa matan da suka yi fice a wajen gida fiye da yadda Friedan ta nuna. Sannan akwai waɗanda tallar ba ta nuna su sam: a 1940 kimanin kashi 60 cikin ɗari na baƙaƙen mata masu aiki a Amurka aikatau suke yi a gidajen wasu. Da yawa daga cikin injinan da aka yi tallarsu da hoton Baturiya mai murmushi, hannun waɗannan mata ne ya tura su. Hujjar Cowan ta fi ƙarfi a kan matar da ke zaman gida cikakke, ba a kan dukkan mata ba, kuma a wannan iyaka ya kamata a yi amfani da ita.

3.4 Injin Shara a Fagen Siyasa

A ranar 24 ga Yuli, 1959, mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon da shugaban Tarayyar Sobiyat Nikita Khrushchev suka yi musu a gaban wani ɗakin girki na gwaji a wurin baje kolin Amurka da ke birnin Mosko. Nixon ya nuna kayan lantarkin a matsayin shaidar cewa tsarin jari-hujja yana sauƙaƙa wa matan gida rayuwa. Khrushchev ya yi masa ba'a da tambayar ko ba su da injin da ke sa wa mutum loma a baki, ya kuma ce ƙasarsa ba ta kallon mata da irin wannan ido. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kawo zancen namiji ya ɗauki tsintsiya, alhali matar Sobiyat da ke aiki a masana'anta ita ce dai ke komawa gida ta yi shara da girki.

A wurin baje kolin akwai wani ɗakin girki na kamfanin RCA Whirlpool da aka ce irin na nan gaba ne, a cikinsa har da ƙaramin inji mai yawo da kansa yana tsabtace daɓe. Shekaru da yawa bayan haka ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara ɗakin ya bayyana cewa wani mutum ne ke ɓoye a bayan madubi yana sarrafa shi daga nesa. Injin shara mai tafiya da kansa bai shiga kasuwa ba sai a 2001 da Electrolux ya fito da Trilobite, sannan Roomba ya biyo baya a 2002.