Bariki: Kalmar Da Ta Shigo Da Soja

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci, da wuya a sami wadda ta yi nisan zango kamar bariki, domin a bakin masu ita ba ta wuce sunan gidajen kwanan soja ba, amma da ta faɗo bakin Bahaushe sai ta yi rassa har ta zama ma'aunin hali da ɗabi'a.

Mutanen Kwantagora suna cikin waɗanda suka ga shigowarta da idanunsu. A shekarar 1901 rundunar Turawa ta ci garin, sarkinsu, Sarkin Sudan Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse ya fita, bai koma gadon sarauta ba sai 1903. Kuma bisa al'adarsu a ƙasar Hausa, Nasara ba su zauna cikin gari ba, sai suka kafa sansaninsu da ofisoshinsu can gefe. Irin wannan waje shi aka fara kira bariki, sannan sunan ya haɗe gidan Razdan da masaukin da ake gina wa jami'ai a kan hanya, har ya kai ga duk inda aikin Turawa ya tara baƙi, kamar Barikin Ladi wurin haƙar kuza.

To, daga nan kalmar ta bar haƙiƙa ta shiga majazi, kamar yadda malaman balaga ke rarrabewa. Da yake bariki wuri ne da babu idon uba balle na malamin unguwa, inda ake cin albashi a ƙarshen wata, kabilu kuma suka cakuɗe har gaurayayyiyar Hausarsu ta sami suna Barikanci, sai aka wayi gari ɗan bariki yana nufin wayayye mai buɗaɗɗen ido, wanda ba a cuta a ciniki. Amma idan tsohuwa ta rage murya ta ce wance ta shiga bariki, kowa ya san kuka take, ba yabo ba.

Har yau akwai barikin soja a Kwantagora, cike da mutanen kirki masu tsaron ƙasa, saboda haka wajibi ne mai magana ya auna wace ma'ana yake nufi kafin ya jefi wani da ita, don kuwa magana zarar bunu ce.