A BAR YARO YA YI KUKANSA

Ran nan, bayan an tashi daga sujada a wani ƙauye da ke yankin Malumfashi, muka iske wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba zaune a gindin bedi, ya haɗa kai da gwiwa. Da muka tambaya sai aka ce ai akuyarsa ce, wadda kakarsa ta ba shi, aka kai kasuwa domin a sayi taki. Kawunsa ya iso ya daka masa tsawa: "Kai, tashi! Namiji ne kai ko mace? A kan akuya?" Yaro ya miƙe, ya share ido da gefen riga. Kawu kuwa ya juyo ya ce mana, "Malam, ka gani, ya haƙura."

To, anya ya haƙura?

Mu Hausawa mun ɗauki haƙuri da kunya da daraja ƙwarai, kuma ba mu ce laifi ba ne. Amma sau da yawa abin da muke kira haƙuri a wurin yaro, tsoro ne kawai. Idan aka yi rasuwa a gida, akan kwashe yara a kai su maƙwabta, manya su zauna karɓar gaisuwa kwana uku, kowa ya zo ya yi wa uba da uwa ta'aziyya. Wa ke yi wa yaron? Sai dai a ce masa Baba ya yi tafiya, ya kwana yana sauraron motsin ƙofa.

Akwai abin koyi a Ingila. A shekarar 1952 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a mai suna Jems Robatson, wanda ke aiki tare da likitan ƙwaƙwalwar yara Dakta Jon Bolbi a Landan, ya ɗauki fim ɗin wata yarinya 'yar shekara biyu da aka kwantar a asibiti kwana 8 ba tare da uwarta ba. A wancan zamani asibitocinsu na taƙaita zuwan iyaye, domin wai zuwansu na tayar wa yara da hankali. Abin da mutanen nan biyu suka lura shi ne, yaron da aka raba da uwarsa yakan fara da kuka da tirjiya, daga nan ya yi tsit, ma'aikata su ce ya saba. Alhali fid da rai ya yi. In abin ya daɗe, har uwar ta zo ya kau da kai kamar bai san ta ba. A 1959 wani kwamitin gwamnatinsu ya ba da shawara a bar iyaye su riƙa ziyartar 'ya'yansu ba tare da ƙayyade lokaci ba. Duk wadda ta taɓa kai yaro yaye gidan kaka ta san wannan shirun.

Kuka shi ne kiran da yaro ke yi tun bai iya magana ba. In ya yi kira aka amsa, ya koyi cewa baƙin ciki abu ne mai zuwa ya wuce, kuma akwai wanda za a jingina da shi. Daga nan ne tausayi ke tsiro, gama wanda aka rarrashe shi ranar da kazarsa ta mutu, shi ne zai san abin da zai yi ranar da ya ga ƙanensa na kuka. Ƙananan rashe-rashe irin na akuya su ne makarantar da ake koyon ɗaukar manya. Maƙwabtanmu Musulmi sun san Annabi ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, mu ma mun san Yesu ya zubar da nasa a kabarin Li'azaru. Daga ina muka samo cewa hawaye na mata ne?

Manyan rashe-rashen kuwa ba su yi mana nisa ba. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana 6. An yi murna, an ɗauki hotuna. Sai dai ƙannensu da suka kwana shida suna kallon iyaye mata na kuka a ɓoye, da yaran Faskari da Sabuwa da Ɗandume da suka baro gonaki suka sauka gidajen dangi a Funtuwa, ba kowa ya tambaye su me suka gani ba. Baƙin cikin da aka danne yakan nemi wata ƙofa: fitsarin kwance bayan an daɗe da dainawa, ciwon ciki da ba a gano dalilinsa, faɗa a makaranta, ko firgita cikin barci. Mu kuma sai mu ɗauko bulala.

Ba muna cewa a bar yaro ya nutse ba ne. Baƙin cikin yaro mai lafiya yana zuwa ne kamar yayyafi, yanzu yana kuka, an jima yana langa da abokansa, kuma wannan ba rashin hankali ba ne. Amma in makonni suka shuɗe ba ya ci, ba ya wasa, ba ya barci, ko yana maganar mutuwar kansa, to a kai shi asibiti, na Funtuwa ko na Malumfashi, in ta kama har asibitin koyarwa na Shika.

Yaron nan mai akuya, da maraice kakarsa ta jawo shi kan tabarmarta, ba ta ce masa ya yi shiru ba. Ta tambaye shi yadda akuyar take cin dusa daga hannunsa. Ya fara ba ta labari, ya fashe da kuka, ta bar shi ya yi mai isarsa. Sa'an nan ya ce mata yana jin yunwa.