Matse kan ƙunshi: dabarar da ke sauƙaƙa kira a kan layi maras ƙarfi

Ofisoshi da dama da ke haɗe da rassansu ta ƙaramin layin intanet suna kukan cewa murya na yankewa da zarar mutum biyu ko uku suka kira a lokaci guda. Sau da yawa, abin da ke cika layin shi ne bayanan da ke rakiyar muryar.

Intanet na yanka murya ƙunshi-ƙunshi. Kowane ƙunshi yana ɗauke da kai, kamar rubutun bayan ambulan: daga ina, zuwa ina, lamba ta nawa. Kan IP okte 20 ne, na UDP 8, na RTP 12, jimilla 40. Muryar kanta, a tsarin G.729, okte 20 ce kawai, ana aika ƙunshi 50 a daƙiƙa. Ke nan ambulan ya ninka wasiƙar biyu, kiran da ya kamata ya ci kilobit 8 ya koma 24.

Amma yawancin abin da ke kan ba ya sauyawa har a gama kira. Tun 1990 Van Jacobson ya fito da hanyar matse kan TCP, sai a 1999 aka yi ta RTP. Na'urorin ruta biyu suna riƙe cikakken kan a farko, daga nan sai su riƙa aika abin da ya sauya kaɗai. Okte 40 ya koma 2 ko 4, kiran ya sauko ƙasa da kilobit 10.

A ruta ta Cisco, ma'aikacin zai shiga ƙofar layin ya rubuta ip rtp header-compression. Dole a yi haka a gefe biyu, domin in ɗaya ta matse, ɗaya ba ta san warwarewa ba, aikin banza ne. Kalmar passive na sa ruta ta jira sai ɗayar ta fara, don haka kada a sa ta a duka biyun. Umurnin show ip rtp header-compression na nuna ko matsewar na tafiya.

Sai dai matsewar na gajiyar da ƙwaƙwalwar ruta, kuma tsakanin na'urori biyu maƙwabta kawai take aiki. Mai fibir ba ya bukatarta. Wanda layinsa ƙarami ne kuwa, ya tambayi ma'aikacinsa ko an kunna ta kafin ya biya kuɗin ƙarin layi.