Ji da gani a binciken sararin sama: misalin GW170817

1. Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Cikin wannan ɗan bayani, za mu duba wani fannin bincike inda ji ne ke yi wa gani jagora. Abin da Faransanci ke kira ondes gravitationnelles, mun fassara shi da "raƙuman nauyi", wato girgizar da ke ratsa sarari idan manyan abubuwa masu nauyi suka yi karo. Mun guji kalmar maganaɗisu, domin jan ƙarfe daban, jan nauyi daban.

2. Ji

An fara jin waɗannan raƙuma ran 14 ga Satumba 2015, da na'urorin LIGO biyu na Amurka. Amma na'urar kamar kunne take. Makiyayin Falanko da ya ji kukan raƙumi cikin dare ya san wajen, bai san gurbin ba, sai ya haska tocila. Madubin hangen nesa shi ne tocilar.

3. Gani

Ran 17 ga Ogusta 2017, ƙarfe 1 da minti 41 na rana agogon Nijar, LIGO ta ji karon taurarin nutoron guda biyu. Ƙasa da daƙiƙa 2 bayan haka, kumbon Fermi ya ga walƙiyar gamma. Da taimakon na'urar Virgo ta Italiya aka taƙaita wurin, amma duk da haka filin zai ɗauki wata ɗan daren sha huɗu fiye da 100. Sai masana suka bi tarin taurarin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Bayan kusan awa 11, madubin Swope na ƙasar Cile ya gano sabon haske a tarin NGC 4993, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Cikin 'yan kwanaki hasken ya juya daga shuɗi zuwa ja, alamar ana samar da ƙarafa masu nauyi irin su zinariya.

4. Kammalawa

Hasken ba ya jira, ga shi sai da duhu ake ganinsa. A wannan rana dare ya sauka a Damargu sa'o'i kafin ya kai Cile. Shi ya sa shirin GRANDMA, wanda masana Faransa suka jagoranci kafa shi, ya haɗa madubai na ƙasashe da yawa, har da Maroko da Masar. Ke nan duhun daren Sahel abu ne mai daraja a wannan fanni, kuma ya kamata Hausa ta tanadi kalmominta tun yanzu.