Ƙananan Jiragen Rimot: Wasan da Ke Koya wa Matashi Injiniyanci

Duk wanda ya tashi a Tambuwal ko Kebbe ya san yaron da ke ƙera mota da karan dawa, ya yi mata tayoyi da tsohon silifa. Irin wannan yaron, in da a Jamus aka haife shi, da wuya ya kai shekara goma sha biyar bai shiga ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jirage ba. Jirage ne da ba su ɗaukar kowa. Matuƙin yana tsaye a ƙasa da rimot a hannu, jirgin yana can sama yana alkafura.

Waɗanda ake kira jet a cikinsu iri biyu ne. Akwai mai farfela a ɓoye cikin bututu, batir ke juya ta, kuma minti huɗu ko biyar ƙarfinsa ya ƙare. Akwai kuma mai injin jet na gaske, wanda girmansa bai wuce gwangwanin madarar gari ba. Yana zuƙo iska, ya matse ta, ya haɗa ta da kananzir da aka sirka da ɗan mai, ya kunna mata wuta, ta fita ta baya da ƙarfi ta ingiza jirgin. Abin da ke juyawa a cikinsa yakan zarce zagaye 100,000 a minti ɗaya. Wani Bajamushe, Kurt Schreckling, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa mutum zai iya ƙera irin wannan inji a gida, wajen shekarar 1990. A 2017 kuma wani ɗan ƙasarsu, Niels Herbrich, ya tuƙa nasa jirgin da gudun kilomita 749 a awa, ya shiga kundin Guinness.

Gudu dai ba shi ne gwaninta ba. Gwani shi ne mai zana da'ira a sama ta fito zagayayya, ya mirgina jirgin ba tare da ya kauce layi ba, ya kifar da shi ya yi tafiya a rigingine. Abin da ke fara rikita ɗan koyo ƙarami ne: muddin jirgin yana tafiya ya ba ka baya, damarka damarsa ce, amma da ya juyo ya fuskance ka, sai ka tura sanda dama ka ga ya karkata hagunka. A daidai wannan wurin ne jirage da yawa ke cin ƙasa.

Mafi wuya shi ne tashi a jere. Matuƙan Red Arrows na sojan saman Ingila, da suka fara nuna wasansu a 1965, suna zaune cikin jiragensu, kowa na kallon fiffiken ɗan'uwansa kusa da shi. Mai rimot ba shi da wannan gata. Daga nesa yake hange, kuma ido ba ya iya tantance tazara a sama. Jirage biyu da kake gani sun kusa gogar juna, mai yiwuwa akwai taku ashirin tsakaninsu, waɗanda kake zaton sun yi nisa kuma su yi karo. Shi ya sa matuƙan kan tsaya kafaɗa da kafaɗa, jagora yana faɗin abin da zai yi kafin ya yi: za mu karya hagu, yanzu, a rage wuta. Shi jagoran ba ya burga, tafiya yake yi a natse yadda na baya za su iya binsa. Kamar mahaya ne wajen jafi ranar hawan salla, mutum guda ya saki linzami kafin lokaci, sahu ya watse.

To, ina ruwan mutumin Dogon Daji ko Kuchi da wannan? Ruwansa da yawa. Filin da Turawa ke biyan haya su samu, mu muna da shi a banza, ga fako shimfiɗe bayan gari da zarar an kawar da amfanin gona. Masu gyaran waya da janareta kuwa sun riga sun iya rabin aikin, tunda sun san waya, sun san batir, sun san narka dalma. Kuma ƙirar jirgi ba baƙuwa ba ce a arewa. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Kwalejin koyon tuƙin jirage ta Zariya tana nan tun 1964, a Kaduna kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgin sojan sama marar matuƙi, a 2018. Ilimin da ke ɗaga waɗannan shi ne ke ɗaga ƙaramin jirgin da ake ƙerawa da soso.

A ganina ma da na soson ya kamata a fara, mai farfela a gaba, mai tafiya a hankali. Injin jet guda kuɗinsa ya fi na sabon babur, kuma faɗuwa ɗaya ta isa. Kafin a saki jirgi, a ɗora shi kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fikafikai, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansu. In hanci ya ɗan sunkuya, madalla. In wutsiya ce ta rinjaya, a matsar da batir gaba, don jirgi mai nauyin baya ba ya jin magana.

Yanayinmu ma yana da nasa sharuɗɗan. Ƙurar hunturu tana cin inji, hazo kuma yana ɓatar da jirgi daga ido. Batir ba ya son zafin bazara. In ya kumbura a daina amfani da shi, kuma kada a bar shi a caji cikin ɗaki a fita. Hucin injin jet kuwa yana iya kunna busasshiyar ciyawa.

Sai babbar magana, wato tsaro. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta ce tashin jirgi marar matuƙi sai da izini, nata da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Balle a wannan yanki, inda mutanen Jabo ba su manta da abin da ya faɗo daga sama a gonakinsu a ƙarshen Disambar 2025 ba, duk abin da ya yi ƙugi a sama yana tayar da hankali. Don haka malaman kimiyya na sakandare su ne ya fi dacewa su ja gaba, su kafa ƙungiya a makaranta, su nemi izini, su sanar da hakimi da jami'an tsaro rana da wuri, su nisanci kasuwa da garken shanu. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana yanka soso yana auna fiffike, ku haɗa shi da malami, kada ku kore shi.