Sayen Gida A Zangon Kwatano: Abin Da Doka Ta Ce Da Inda Ake Faɗawa Rami

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Seme ko ta Malanbil zuwa Kwatano ya san unguwar Zango, domin nan ne masaukinmu tun zamanin fatake. Unguwar ba ta da nisa da tashar jiragen ruwa da kasuwannin Dantokpa da Misebo, ga babban masallaci, ga masu canji, ga kuma Hausa da ake ji a kowane lungu. Shi ya sa da yawa daga cikinmu, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, suka gaji da zaman haya suka fara tunanin mallakar gida ko fili a can. Faɗuwar darajar Naira tun daga 2023 ta ƙara wa wannan tunani ƙarfi, ganin cewa Sefa a ɗaure take da Yuro, kowane Yuro ɗaya a kan Sefa 655.957. Sai dai kafin mutum ya kwance jakarsa, ya kamata ya san abin da dokar ƙasar ta tanada.

Dokar filaye ta Jamhuriyar Benin ita ce mai lamba 2013-01 ta ranar 14 ga Agusta, 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017. Ita ce ta kafa hukumar filaye ta ƙasa da ake kira ANDF. Dokar ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo. Ɗan ƙasa yana iya sayen fili a birni da ƙauye. Baƙo kuwa ba shi da hurumin sayen ƙasar noma a karkara, a cikin birni ma an gindaya masa sharaɗi, wato sai in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarsa da Benin wadda ta ba 'yan Benin irin wannan dama. Ban da haka yana iya karɓar hayar dogon zango da ba ta wuce shekara 50 ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a yankinmu, domin tsarin mulkin Gana na 1992 ma bai yarda baƙo ya riƙe fili fiye da hayar shekara 50 ba, dokar Kwaddibuwa ta 1998 kuma ta keɓe mallakar ƙasar karkara ga 'yan ƙasa.

Wasu daga cikinmu kan ɗauka cewa katin ECOWAS ya wadatar. Gaskiya ne yarjejeniyar 1979 ta ba mu damar shiga ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, amma damar shiga daban, damar mallakar ƙasa daban. Bugu da ƙari, Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, ko da yake tana nan cikin UEMOA ta ƙasashe masu amfani da Sefa. Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi wa masanin doka ita ce matsayin ƙasarsa a wannan sharaɗi.

Abu na biyu shi ne takarda. A Kwatano za a nuna maka takardu iri-iri. Akwai takardar ciniki da shaidu suka sa wa hannu, wani lokaci har da hatimin ofishin magajin gari. Akwai tsohuwar takardar izinin zama, permis d'habiter, wadda ta samo asali daga dokar 1960, kuma izini ne kawai na zama a kan ƙasar gwamnati. Sai kuma titre foncier, wadda ita ce cikakkiyar shaidar mallaka, sunan mai ita yana cikin kundin hukuma. Duk wanda ya biya miliyoyi a kan takardar da ba ita ba, to ya sani akwai sauran aiki a gabansa. Haka nan ciniki ya bi ta hannun notaire, wato jami'in shari'ar da gwamnati ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki. Shi zai duba kundin ANDF ya gano ko mai sayarwa shi ne mai gidan, da kuma ko an jinginar da gidan a banki. Kuɗin da zai karɓa bai kai kwatankwacin asarar da zai kare ka daga gare ta ba.

Ramukan da ake faɗawa sanannu ne. Na farko, sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku. Na biyu, gidan gado: ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da sanin sauran ba, bayan shekaru su kai ƙara. Na uku, filin bayan gari da ba a gama yanka shi ba, domin idan safiyo ya zo fitar da hanyoyi da makarantu akan rage wa kowa wani kaso, wani ma a mayar da shi wani wuri. Na huɗu, ginin da ya ci gefen titi. Idan ba a manta ba, a watan Janairun 2017 hukumomi sun rushe rumfuna da shaguna masu yawa a Kwatano da sunan kwato filayen jama'a. Na biyar shi ne ruwa, domin birnin yana tsakanin teku da tafkin Nokuwe, kuma ambaliyar 2010 ta nuna wa kowa unguwannin da ke cikin kwari. Fili a gan shi da damina kafin a taya. Yawan rigingimun nan ne ya sa a 2022 aka kafa kotu ta musamman kan shari'ar filaye, wadda Kwatano ke ƙarƙashinta.

Akwai wani rami da mu da kanmu muke haƙawa, wato saye da sunan wani. Mutum ya ba maigidansa na Zango ko abokin cinikinsa ɗan ƙasa kuɗi, a rubuta sunan wancan a takarda, a ce ai akwai amana. Amana tana nan muddin su biyun suna raye. Ranar da ɗaya ya kwanta dama, kotu sunan da ke kan takarda za ta duba, 'ya'yan mamaci kuma ba lallai su san alkawarin da aka yi a zaure ba. Wanda yake son hanyar da doka ta sani, ya nemi shawara kan yi wa kamfani rajista a Benin, ko kuma ya tsaya a kan haya mai rubutacciyar yarjejeniya. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Benin da Nijar suke aiki da ita, ta ba mai hayar shago da ya yi shekara biyu yana sana'a a wurin haƙƙin neman sabunta hayarsa.

Har ila yau, maganar gado ba ta wasa ba ce. Dokar iyali ta Benin ta 2004 auren mace ɗaya kawai ta sani, kuma tana daidaita rabon ɗa da ɗiya. Magidanci mai mata biyu ko uku da ke son a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci, ya zauna da notaire da malami tun yana da rai a tsara yadda za a yi, kada ya bar wa iyalinsa shari'a a ƙasar da ba su jin harshen kotunta.

Tarihi ma yana da abin faɗa. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta umarci baƙi marasa takarda su fice, mutanenmu da yawa suka sayar da gidajensu da araha. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, iyakar Gaya da Malanbil ma ta rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kaya ana iya juya su zuwa wata kasuwa, gida kuwa ba ya hawa mota.

Ba muna hana kowa saye ba ne. Abin da muke cewa shi ne kada ɗan kasuwa ya zuba duk jarinsa a gini, kada ya biya ta hannun dillali, ya je da kansa domin zuwa da kai ya fi aike, ya sa a fassara masa kowace takarda daga Faransanci kafin ya sa hannu, ya biya ta banki domin a sami shaida, sannan ya riƙa biyan harajin gida na shekara yana adana rasit. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a nema.